Tambaya: tafiyar kayak a teku da kwana a tanti a yammacin Sikotland, wa ya taɓa yi?

Bakatsinen Gilasgo

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san ruwa. Ina karatun digiri na biyu a nan Gilasgo, to 'yan ajinmu ne suka haɗa tafiya in mun gama jarrabawa, wajen ƙarshen Yuni, wai za mu hau jirgin ƙasa zuwa wani ƙauye da ake kira Arisaig can bakin teku ta yamma, daga nan mu shiga kayak, wato ɗan siririn kwale-kwalen nan na mutum ɗaya ko biyu da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu, mu bi gaɓa mu kwana biyu a tanti a bakin ruwa sannan mu dawo. Sun nuna min hotuna wallahi wajen ya tafi da ni, farin yashi fes, ruwan kore shar kana ganin ƙasansa, ga tsibirai can nesa. Mu shida ne, biyu sun taɓa yi, sauranmu ko zama ciki ba mu taɓa yi ba. Ni na ɗan iya iyo amma a nan na koya, a kwamin wanka na jami'a, ban taɓa shiga teku ya wuce gwiwata ba.

Abin da nake son sani, na farko abin nan akwai haɗari sosai ko tsorona ne kawai? Na biyu, wai da gaske mutum zai kafa tanti inda ya ga dama ba a kama shi ba? don ni bizar ɗalibi gare ni ba na son wata magana da 'yan sanda. Sai maganar sallah da alwala da abinci, don ni kaɗai ne musulmi a cikinsu. Kuma suna gardama a tsakaninsu ko a ɗauki ɗan jagora a biya shi ko a yi hayar jiragen kawai tunda ya fi araha. Ban ma faɗa wa Hajiyarmu ba tukuna, na san abin da za ta ce.

Ummu Khalil

Wa alaikumus salam. Ƙanena ni dai in ka ji ta tawa ka haƙura. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Iyayenka sun tura ka karatu ne ba yawon teku ba, kuma mu nan gida har yanzu ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai ba a ƙarshen 2021, yaran Islamiyya da kwale-kwale ya kife da su, ga na Warrah can Kebbi duk a shekarar, kuma wannan fa dam ne da kogi, ina ga teku da ba a ganin ƙarshensa. Turawan nan su tun suna yara ake jefa su a ruwa, kai kuma da girmanka ka koya. In wurin kake son gani ai ka ce jirgin ƙasa na zuwa, ka je ka tsaya a bakin yashin ka ɗauki hotunanka ka kwana a otal ka dawo lafiya, me ya yi zafi. Kuma batun ɓoye wa Hajiya ban goyi baya ba ko kaɗan, ko za ka je sai da saninta da addu'arta.

Ɗan Yawuri

Anti Ummu maganarki ta Hajiya gaskiya ce, ya faɗa mata. Amma abin da ke kashe mutane a jiragenmu na gida sananne ne, lodi ya wuce ƙima, jirgi ya tsufa, tafiyar dare, kuma babu mai rigar ceto ko ɗaya. A bakin Neja na tashi na ga wannan da idona. Na nan matsalarsa daban ce, kuma ita nake so Bakatsine ya gane.

Malam, na jima ina shiga kayak a wannan yankin, kuma amsa ta a gajarce ita ce ka je, amma da ɗan jagora mai takardar ƙwarewa, in sun ƙi biyan kuɗinsa to ka zame jikinka. Mutum biyu da suka "taɓa yi" ba za su iya kula da sababbi huɗu ba ranar da iska ta juya. Arisaig kam wuri ne da ake kai masu koyo, saboda akwai tarin ƙananan tsibirai da duwatsu a bakin mashigar da suke kare ka daga manyan igiyoyi, sai dai da ka leƙa bayansu ka shiga teku sosai, tsibirin Eigg da kake hangowa da dogon dutsensa kamar nan da can ya fi kilomita 10, kada wani ya ce maka "mu ɗan tsallaka".

Iya iyonka ba shi ne abin dubawa ba, sanyin ruwan ne. A watan Yuni ruwan wajen bai cika wuce digiri 11 zuwa 13 ba ko da rana na ƙwallewa a sama, kuma duk ruwan da ya yi ƙasa da digiri 15 in ka faɗa ciki ba shiri numfashinka sarƙewa yake, ka ja iska da ƙarfi ba da sonka ba, in kanka na ƙasa a lokacin to ruwa ka shaƙa. Gwanin iyo ma haka yake masa. Abin yakan lafa cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, shi ya sa ake cewa kada ka fara kokawa da ruwan, ka kwanta rigingine ka riƙe jirginka har numfashi ya dawo. Bayan wasu mintuna kuma hannuwa ke mutuwa ka kasa riƙe komai. Don haka shigarka ta ruwan za ka yi ba ta rana ba, ko dai rigar robar nan mai kama jiki ko wadda ruwa ba ya shiga sam mai matse wuya da wuyan hannu, rigar ceto kuma a jikinka a ɗaure tun daga bakin yashi, ba a bayan kujera ba. Jins da duk wani kayan auduga ka bar su a gida, in suka jiƙe ba sa bushewa sai dai su tsotse maka ɗumin jiki.

Sai wani abu da mu 'yan kogi ba mu saba da shi ba. Kogi damina yake cika rani ya janye, teku kuwa sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a kwana ɗaya, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25 ko kusa da haka, shi ya sa kullum lokacin ke matsawa da wajen minti 50. A wajen Arisaig da Mallaig, garin da ke kusa da shi, ranar da ya yi babbar cikowa bambancin tsayin ruwan yakan kai kusan mita 4, kuma a wurin da gaɓar ke shimfiɗe mita 4 ɗin nan na nufin filin yashi guda da ka yi ƙwallo a kai ya zama teku bayan 'yan awoyi. Kuma ba a hankali yake hawa bai ɗaya ba, awa ta farko kaɗan, a awa ta uku da ta huɗu ne rabin ruwan gaba ɗaya ke shigowa. Abin daɗin shi ne mu muna da kalandarsa a kai, don wata ne ke jan sa, babbar cikowa tana zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata da kuma bayan ya cika, wato farkon watan Musulunci da wajen 15 zuwa 17, ƙaramar kuma wajen 8 ga wata da 23. Ka duba nawa ga wata tafiyarku za ta kama, sannan ka sauke jadawalin cikowar Mallaig ka rubuta shi a takarda don waya na iya mutuwa.

In kun sauka inda za ku kwana ka sunkuya ka kalli yashin da kyau. Za ka ga layi-layi na ciyawar teku da ruwa ya ajiye, na ƙasa ɗanye ne yana sheƙi yana wari, na sama ya bushe ya yi baƙi yana karyewa a hannu, haɗe da guntayen igiya da itace da robobi. Layin can na ƙarshe shi ne iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa kwanan nan. Tantinka ya wuce shi ya hau kan ciyawa ta tudu, jiragen ma a ɗauke su a kai sama a ɗaure, filafili a cusa ciki. Na taɓa ganin wasu da suka bar nasu a yashi don sun gaji da ɗauka, da asuba ɗaya yana can yana lilo a tsakiyar ruwa sai da wani mai jirgin kamun ƙaguwa ya jawo musu.

Iska kuma ita ce mai yanke hukunci. Ga sabon shiga da ta kai wajen kilomita 20 a awa, ka fara ganin fararen kawuna a kan igiyar ruwa, to ranar ta shan shayi ce a tudu. Wadda ta fi yaudara ita ce mai busowa daga tudu zuwa teku, bakin gaɓa lumui kamar ba komai, tana tura ka waje ba ka sani ba sai ka juyo ka ga ba ka iya dawowa.

Batun doka kwantar da hankalinka. Sikotland na da dokar 2003 da ta ba kowa damar shiga yawancin filaye da ruwaye har da kwana a tanti, ba ruwanta da kai ɗan ƙasa ne ko baƙo, sharaɗin dai ku zama 'yan kaɗan, kada ku wuce kwana biyu ko uku a wuri ɗaya, ku nisanci gidajen mutane da gonakin da aka shuka da inda dabbobi suke, ku kwashe shararku tas. A Ingila ba haka ba ne, can yawanci sai da izinin mai fili, kuma ko a nan gefen tafkin Lomond akwai wuraren da sai da takardar izini daga Maris zuwa Satumba, amma bai shafi inda za ku ba.

Malam Zazzau

Ɗan Yawuri Allah ya saka da alheri, ka yi bayani. Ni ɓangaren sallah zan ɗan taɓa. Alwala da ruwan teku ta halatta babu ko shakka, tambayarka ma kusan ita aka yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani ya ce muna hawa teku muna ɗaukar ruwa kaɗan, in muka yi alwala da shi za mu ji ƙishi, shin mu yi alwala da ruwan teku? Ya ce shi ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Yana cikin Muwaɗɗa. Saboda haka ruwan gorarka na sha ne kawai, buta kuma ka yanke robar ruwa ta wadatar.

Daga Gilasgo zuwa can jirgin ƙasa ma wajen awa biyar yake yi, ka wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, kana matafiyi, za ka yi ƙasaru kuma akwai sauƙin haɗa azahar da la'asar in kuna kan ruwa, tunda a cikin wannan jirgin ko miƙewa ba za ka iya ba. Ka gaya wa ɗan jagoran tun farko cewa in an tsaya cin abincin rana kana buƙatar minti goma, ba sa damuwa. Alƙibla kada ka bi sabon gida ka fuskanci gabas kai tsaye, daga can kudu maso gabas ce, wajen digiri 117, kuma kusan kowane kayak na teku akwai kamfas a gabansa ko a wuyan ɗan jagora.

Inda aikin yake shi ne isha'i da asuba. Ƙarshen Yuni a can rana sai bayan ƙarfe 10 na dare take faɗuwa ta fito wajen 4 da rabi, kuma shafaƙi ba ya gama ɓacewa, arewa tana nan da haske har gari ya waye, in ka ce sai ka ga duhu sosai za ka yi isha'i to ba za ka yi ba. Malamai sun yi maganganu a kai kuma masallatan Gilasgo suna da jadawalin da suke bi a waɗannan watanni, ka ɗauki na masallacin da kake sallah ka tambayi limaminku yadda za ka yi, kada ka dogara da manhajar waya kawai don wani lokaci sai ta ba ka lokacin da ba shi da kan gado. Ka saita ƙararrawa, mutumin da ya yini yana tuƙi barcinsa nauyi gare shi.

Nas Aberdeen

Kowa ya yi maganar ruwa ba wanda ya faɗa masa abin da zai sa shi kuka da gaske, hhhh. Ƙanina sunansu mijis. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne da ba su kai rabin sauro ba, ba sa kuka a kunne ba sa sa maleriya, amma dubbai suke zuwa, daga ƙarshen Mayu har Satumba, kuma yammacin ƙasar nan ne gidansu. Da yamma in iska ta kwanta za ka ji kamar an watsa maka garin barkono a fuska da wuya, su shiga gashi su shiga kunne, ka zuba shayi kafin ka kai baki sun yi baƙi a samansa. Ka sayi ragar rufe kai wadda aka yi dominsu, irin gidan sauronmu ramukansa sun yi faɗi ratsawa suke, da man shafawa irin Smidge, sannan ku kafa tanti inda iska ke ɗan kaɗawa don ba sa iya tashi a iska, kada ku ɓuya a lungu kusa da fadama wai kuna neman inuwa. Zif ɗin tanti a rufe kullum.

Wanda ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya kaska ce. Tana cikin dogayen ciyayi inda tumaki da barewa ke kiwo, wasu suna ɗauke da cutar Lyme. Kowane dare ka haska tocila ka duba bayan gwiwa, ƙugu, hammata, matse-matsi. In ka ganta kada ka ƙona ta ko ka shafa mata man fetur ko basilin yadda ake yi a gida, akwai ɗan ƙarfe ko roba na cire ta a kemis, ka kama ta daf da fata ka fitar da ita duka. In bayan kwanaki ko makonni ka ga jan zobe yana faɗaɗa a wurin, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ka je wajen likita ka ce masa kaska ta cije ka.

Abinci ka yi sayayyarka tun a Gilasgo, can ƙauyen ɗan kanti ne, ba za ka samu naman halal ba. Garin kwaki da sukari da madarar gari da gyaɗa sun fi duk wani abincin leda da su za su saya da tsada, ga dabino a aljihun rigar ceto, kuskus da indomi don ba sa cin gas, kifin gwangwani, yajinka. Ka gaya wa mai shirya abinci tun kafin ranar cewa ba ka cin alade kuma a ware maka tukunya, don karin safensu yawanci shi ne. In da rabo ma lokacin ne kifin titus ke matsowa gaɓa, da zare da ƙugiya daga cikin jirgi ake kama shi. Ruwan sha lita uku a rana ka lissafa, ƙananan tsibiran babu rafi. Ban-ɗaki kuma babu, ɗan shebur za ka ɗauka ka yi nisa da rafi aƙalla mita 30 ka tona ka binne. Kuma don Allah kada ku hura wuta a kan ciyawar bakin yashin nan, ƙasar ba ta farfaɗowa da wuri, risho na gas ya isa.

Bakatsinen Gilasgo

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Ummu na kira Hajiya jiya, ta yi shiru ta ce wa ya aike ni, daga baya dai ta ce in akwai mai kula da mu kuma zan sa rigar to Allah ya tsare, amma kullum sai na kira ta, na ce mata ba lallai a samu sabis ba ta ce wannan matsalata ce. Na tura wa 'yan ajin abin da Ɗan Yawuri ya rubuta na fassara musu, huɗu sun yarda a ɗauki ɗan jagora, ɗaya yana ta ƙunƙuni kan kuɗi. Saura tambaya biyu Yaya Ɗan Yawuri, in jirgin ya kife ina ciki kuma an rufe bakinsa da ledar nan da ake ɗaurawa a ƙugu, ta yaya zan fita? wannan ne ke hana ni barci. Kuma kayana duka a ina za su shiga, na ga jirgin ko faɗin kafaɗata bai fi ba.

Ɗan Yawuri

Ledar tana da madauki a gaba, kullum ka tabbata yana waje ba ka cusa shi ciki ba lokacin rufewa. In ka kife ka sunkuyo gaba, ka laluba gefen bakin jirgin har hannunka ya kai madaukin, ka ja, ka dafa gefe biyu ka turo kanka, daƙiƙa kaɗan ne, ruwan ma da kansa yake zare ka. Amma karantawa ba ta isa ba, ka nemi ƙungiyar masu kayak ta jami'arku, yawancinsu suna atisaye a kwamin wanka da yamma, ka je a kifar da kai a ruwan ɗumi har jikinka ya saba, a koya maka kuma yadda abokin tafiya zai zubar da ruwan jirginka ya riƙe maka ka hau. In har yanzu gabanka na faɗuwa ka ce a ba ka na mutum biyu, ya fi faɗi kuma da wuya ya kife.

Kaya kuma za ka sha mamaki, jirgin ya kai mita 5, gaba da baya rami ne mai murfi da aka toshe ruwa ba ya shiga daga inda kake zaune. Babbar jaka ce ba ta shiga. Ka rarraba a ƙananan jakunkunan da ba sa jiƙewa, sandunan tanti ka zare su daban ka tura can ƙurya, masu nauyi irin ruwa da gwangwani kusa da kujera kuma a ƙasa, jakar barci ka ninka mata leda biyu, kayan da za ka sa da dare ma haka kada ka taɓa su da rana komai sanyi. Waya a jakar roba a jikinka ba a cikin rami ba. In wani abu ya faru 999 za ka kira ka ce Coastguard kake nema, wato masu aikin ceto a teku, kuma tun yanzu ka tura kalmar register zuwa 999 ta tes ka bi abin da suka ce, don inda sabis ya yi rauni saƙo kan fita ko kira bai shiga ba. Ɗan jagora zai zo da rediyon ruwa, tasha ta 16 ce ta neman agaji, ka ce ya nuna maka yadda ake dannawa ko da shi ne abin ya samu. Ku bar wa wani a tudu sunan inda za ku da ranar dawowa.

Lokacin naku sil, wato dabbobin tekun nan da ke hawowa kan duwatsu su huta, suna da jarirai a kan duwatsun wajen, tsuntsaye kuma na kwanci a cikin tsakuwa, in kun ga sun fara ɗaga kai ko suna shawagi suna ihu a kanku to kun matso da yawa ku ja baya. Hajiya kuma ka kira ta daga tashar Arisaig kafin ku shiga ruwa, ka bar mata lambar ofishin masu jagoran.